Baba Yana Jiƙewa da Gumi Duk Lokacin Cin Abinci, Ciwon Suga Ne Ya Jawo?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina shekararsa 71, ya kuma shekara 16 yana fama da ciwon suga. Yana shan metformin da Daonil. Watanni ke nan, da zarar ya fara cin abinci sai gumi ya keto masa a goshi da kai da wuya, har hularsa da wuyan rigarsa su jiƙe sharkaf, ko da lokacin sanyi ne. Wasu sun ce hawan jini ne, wasu sun ce sugan ne yake fita ta fata. Yanzu ya daina fita zaure cin abinci da abokansa, cin ma ya rage. Mene ne wannan, kuma yana da magani?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan kula.

Abin da kika kwatanta sananne ne a wurin likitocin ciwon suga, ko da yake marasa lafiya ba su cika kawo ƙorafinsa ba, don ba ya zuwa musu a rai cewa gumin goshi yana da wata alaƙa da suga. Gumin shi kansa ba ya kisa, ba ya kuma nakasa mutum. Abin da ya sa na ɗauki tambayarki da nauyi shi ne abin da gumin yake nunawa: yawanci yana zuwa ne ga wanda suga ya daɗe a jikinsa har ya taɓa masa jijiyoyi, sau da yawa har da ƙoda. Saboda haka aikin da ke gabanku ya wuce neman abin da zai tsayar da zufa.

Maganganun mutane biyun nan kuwa, ki ajiye su gefe. Hawan jini ba ya sa mutum zufa don ya tauna loma. Suga kuma ba ya fita daga jiki ta gumi har a ce an samu sauƙi. Na ga waɗanda suka rage shan magani saboda wannan zancen, suna murna wai jiki na fitar da cuta da kansa, kuma ƙarshen abin bai yi daɗi ba.

Kafin komai, sai an tabbatar ba faɗuwar suga ba ce. Wannan shi ne mai haɗari a yau ɗin nan, kuma Daonil ɗin da kika ambata ya sa dole in tsaya a kansa. Ainihin sunan maganin glibenclamide, yana da ƙarfi, yana kuma daɗewa a jiki, musamman idan ƙoda ta fara rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin muhimman magungunanta, ta nuna cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta fifita gliclazide a madadinsa. Dattijo ya sha ƙwayarsa da safe, abincin rana ya yi jinkiri, lokacin da za a ajiye masa kwano sugan ya riga ya yi ƙasa, gumi ya fara tsattsafowa. Mutanen gida sai su ɗauka abincin ne ya kawo shi, alhali rashin abincin ne.

Akwai bambanci a yanayin gumin guda biyu. Na faɗuwar suga sanyi gare shi, yana kama jiki duka har tafin hannu, yana zuwa da rawar jiki, faɗuwar gaba, yunwa mai tsanani, wani lokaci da ruɗewa ko faɗa ba dalili, kuma yana lafawa idan abinci ya shiga. Na cin abinci kuwa yana farawa ne bayan an soma tauna, cikin daƙiƙoƙi ko mintuna kaɗan, ya tsaya a fuska da kai da wuya, wani lokaci ya sauko kafaɗa da saman ƙirji, ta ɓangarorin biyu, mutum kuma garau yake yana hirarsa. Amma kada ki dogara da ido kaɗai, domin wanda ya shekara 16 da suga yana iya rasa alamomin gargaɗin nan. Na'urar gwajin suga ce za ta raba gardama.

Ga yadda za ku yi na tsawon mako biyu. A gwada shi dab da lomar farko, a sake gwadawa lokacin da gumin ya keto. Kafin a soka yatsa a wanke hannun da ruwa da sabulu a tsane shi sosai, don ɗan tuwo ko dabino ko mangwaro da ya maƙale a yatsa yana iya sa na'ura ta nuna suga ya yi sama alhali yana ƙasa. Ki duba irin lissafin da na'urarku take yi, domin iri biyu ne: a ɗaya iyakar ita ce 70, a ɗayar kuma 3.9. Duk abin da ya gaza haka faɗuwar suga ce. A nan take a ba shi sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake gwadawa, sannan ya ci abincinsa. Idan ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Faɗuwar da Daonil ya jawo tana iya dawowa bayan sa'o'i, don haka ko ya warware a gida, likitansa ya ji labari a ranar. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta lokaci, abin da ya ci, adadin da na'ura ta nuna, da inda gumin ya fito. Wannan littafin zai fi wa likita amfani da dogon bayani.

To, idan sugan lafiya lau yake kuma gumin na zuwa, me ke faruwa?

A jikin mutum akwai jijiyoyin saƙo da ke aiki ba tare da ya umarce su ba. Su ke tafiyar da bugun zuciya, narkar da abinci, riƙe fitsari, daidaita jini idan an miƙe tsaye, fitar da yawu da fitar da gumi. Suga mai yawa na shekara da shekaru yana cinye waɗannan siraran jijiyoyin a hankali, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Jiki yana ƙoƙarin gyara, jijiyar da ta lalace ta sake toho, sai dai ba kullum take komawa inda ta fito ba. Bayanin da likitoci suka fi karɓa shi ne, reshen da ya kamata ya kai saƙo wurin da ke samar da yawu ya kauce ya je ya haɗu da maɓuɓɓugan gumi na fatar fuska. Kamar mai gyaran wuta ne ya sarƙe waya, ka kunna ƙwan falo sai fankar ɗaki ta tashi. Baba ya sa loma a baki, ƙwaƙwalwa ta aika a kawo yawu, saƙon ya isa goshi. Shi ya sa abin da ya fi tsinka yawu ya fi jawo gumin, kuma wasu ƙanshin girki kaɗai ya ishe su.

Wani likita mai suna Peter Watkins, a asibitin King's College da ke Landan, shi ne ya bayyana wannan a 1973 a matsayin alamar lalacewar jijiyoyi ga masu suga, kuma a marasa lafiyarsa cuku ne ya fi tayar da shi. A 1996 wasu likitoci a Manchesta ta Ingila suka bi diddigin yawansa, suka samu kashi 69 cikin 100 na masu sugan da ciwon ya taɓa musu ƙoda suna wannan gumin, da kashi 36 cikin 100 na waɗanda ya taɓa musu jijiyoyi. Har wasu da aka yi wa dashen ƙoda suka ce gumin ya ragu ko ya ɗauke bayan aikin. Wannan adadi na farko shi ne dalilin da ba na barin mai irin wannan ƙorafi ya tafi ba a duba ƙodarsa ba.

Gwajin ƙodar iri biyu ne, kuma duka ake bukata. Na fitsari, wanda ke neman sinadarin albumin da ke yoyo tun mutum bai ji komai ba, da na jini, wato kiriyatinin, wanda daga shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Wannan lissafin ya shafi magungunan Baba kai tsaye: idan ya gaza 45 ana rage metformin, idan ya gaza 30 ana dakatar da shi, Daonil kuwa tun kafin nan ya zama abin tsoro. Ciwon ƙoda na masu suga ba ya zuwa da ciwon baya kamar yadda ake zato, shiru yake tafiya, sai dai a ga kumfa a fitsari ko kumburin ƙafa bayan ya yi nisa. Idan an kama shi da wuri akwai magunguna irin su lisinopril da losartan da ke rage masa gudu. Kafin nan, Baba ya nisanci magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ba takarda, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Ina so kuma ki sa ido a kan wasu abubuwa da dattawa ba sa faɗa wa 'ya'yansu. Jiri yana ɗibarsa idan ya tashi daga shimfiɗa da asuba, ko ya ɗago daga sujada? Yana ƙoshi da 'yan lomomi, ciki ya kumbura, ko ya yi aman abin da ya ci tun jiya? Gudawa tana tashinsa cikin dare, ko tana musanya da taurin bayan gida? Fitsari yana fita da ƙyar ko yana zuba ba da saninsa ba? Duk waɗannan daga gida ɗaya suke da gumin. Na jirin ana iya gwada shi a gida idan kuna da na'urar awon jini: ya kwanta minti biyar a auna, ya miƙe a auna bayan minti ɗaya da bayan minti uku. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, a faɗa wa likita. Ya riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, domin faɗuwa ɗaya a makewayi tana iya karya ƙugun dattijo. Na cikin kuma yana da nasa tarko: idan ciki ya yi nawa wajen sauke abinci, magani zai riga abincin isa jini, sai suga ya faɗi bayan an ci. Idan gumin Baba yana zuwa sa'a ɗaya ko biyu bayan ya tashi daga kan kwano, a gwada shi a lokacin ma.

Sai ƙafa. Da daddare ki zauna ki ɗora ƙafarsa a cinyarki ki duba da fitila. Ba zan yi mamaki ba idan kika tarar mutumin da kansa ke zubar da ruwa, tafin ƙafarsa a bushe yake ƙayau, da kaushi da faso a dunduniya. Jijiyoyin da suka fi tsawo su suke fara lalacewa, sai ƙafa ta daina gumi tun kafin fuska ta fara nata. Wannan fason shi ne ƙofar gyambon da ke kai masu suga ga yanke ƙafa, ga shi ƙafar ba ta jin zafi balle ta yi ƙara. A shafa man kaɗanya ko basilin kullum, ban da tsakanin yatsu. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsun. Kada a sa reza a kaushi, kada mai yankan farce na kan hanya ya taɓa shi, kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta lokacin hunturu, kuma ya zazzage takalmi kafin ya sa.

Akwai gumi ɗaya da ba a jira da shi. Idan ya keto mai sanyi tare da nauyin ƙirji, sarƙewar numfashi, tashin zuciya, ko zafi a bakin ciki da za a ce olsa ce, a tafi asibiti nan take a ɗauki zanen bugun zuciya. Masu sugan da jijiyoyinsu suka taɓu suna iya samun toshewar jinin zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da aka sani ba, kuma cin abinci mai nauyi yana iya tayar da shi.

Sauran abubuwan da likita zai kawar ba su da wahala. Barkono da shayi mai zafi suna sa kowa zufa. Idan gumin a kunci ɗaya ne kawai, gaban kunne, ga wanda aka taɓa yi wa aiki ko ya ji rauni a wurin da hangum ke kumbura, wannan wata larura ce daban da likita Lucja Frey ta ƙasar Poland ta bayyana a 1923. Gumin dare da tari da rama, a nemi tarin fuka, wanda masu suga suka fi saurin kamuwa da shi. Akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai yawan aikin maƙoƙo, akwai magunguna irin su tramadol. Tunda ya daɗe a kan metformin, a duba masa sinadarin B12, don maganin yana rage shi, ƙarancinsa kuma yana ƙara lalata jijiya.

Yanzu abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki, wato Baba ya bar zaure kuma ya rage ci. Ki ɗauki wannan a matsayin ciwo na biyu. Dattijon da ya saba a shimfiɗa tabarma, kowa ya fito da kwanonsa a yi ciyayya, ya koma ɗaki shi kaɗai yana tsakurar abinci don kada a ga ruwa na ɗiga daga gemunsa, wannan ba ƙaramin rashi ba ne a wurinsa. Ga kuma haɗarin fili: ci ya ragu, ƙwaya tana nan yadda take, faɗuwar suga ta samu hanya. Ku zauna da shi, ke ko wanda ya fi jin maganarsa a gidan, a gaya masa abin yana da suna a likitance, ba ya yaɗuwa, ba ƙazanta ba ce, kuma da yawa daga masu ciwon irin nasa suna yi. Abokansa sa'o'insa ne, kowanne da larurar da yake ɓoyewa. Jimla ɗaya ta ishe su: sugana ne ya taɓa jijiyar gumi. Ya fita da ɗan tawul a kafaɗa, ya cire hula ya ajiye kafin ya yi bisimilla, ya zauna inda iska ke kaɗawa.

A kicin kuma, littafin nan zai nuna muku abin da ya fi tayar masa. Ku lura da masu tsami da masu ƙarfin ɗanɗano: kunun tsamiya, zoɓo, nono mai tsami, yaji, tsire, kilishi, miyar da ta ji daddawa. Abin da ya tayar wa wani ba lalle ya tayar wa Baba ba, saboda haka kada a hana shi komai da komai har ya rasa abin ci. A raba masa yaji a gefe, a bar tuwo da miya su huce kafin a kai masa, a rage yawan abin da ake zubawa a ƙara yawan lokutan ci. Ya sha ruwa sosai, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, sai fa idan likita ya ƙayyade masa ruwa saboda ƙoda ko zuciya. Lokacin sanyi a canza masa rigar da ta jiƙe.

Magani akwai, amma ina roƙonki kada a saya a kemis bisa shawarar wani. Wanda aka fi gwadawa shi ne man shafawa na glycopyrrolate. Likitocin Manchesta ɗin nan sun gwada shi a 1997, ya rage yawan gumin da ƙarfinsa sosai. Ana shafa shi a goshi da gefen fuska, a kiyaye ido da hanci da baki, sai dai ba kowane kantin magani ke da shi ba. Akwai allurar botoks da likitan fata ke yi a wurin da gumin ke fita, tana aiki na wasu watanni sannan a sake, ga tsada. Akwai kuma ƙwayoyin sha irin su oxybutynin, kuma su ne nake jin tsoro ga mai shekara 71. Suna busar da baki, su ɗaure bayan gida, su ƙara wa ciki nawa, su riƙe fitsari ga namijin da furostet ɗinsa, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, ya kumbura, su tayar da wani nau'in hawan jinin ido, su rikita tunanin dattijo. Bugu da ƙari suna hana gumi a jiki duka, ga mutumin da ƙafafunsa sun riga sun daina, a ƙasar da rana ke dukan mutum haka. A ra'ayina, in dai tawul da fanka da gyaran girki sun wadatar har Baba ya koma cin abinci cikin mutane, a bar ƙwayoyin nan.

Daidaita suga da hawan jini yana rage saurin lalacewar jijiyoyi, amma ba zan yi miki alkawarin zai mayar da abin da ya riga ya lalace ba, gumin yakan zauna da mutum. Kuma kada jin wannan ya sa a matsa wa Baba da ƙarin magani don a ga lamba ta yi ƙasa. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata uku, ga dattijo mai wasu larurori ana yarda da abin da bai kai 8 ba, domin a shekarunsa faɗuwar suga ta fi ɗan hawansa saurin yin illa. Kada ku dakatar da Daonil da kanku, amma ku nemi ganin likitansa cikin makon nan ko na gaba, ku tafi da kwalayen duk abin da yake sha har na gargajiya, ku tambaya kai tsaye ko lokacin canza shi ya yi.

Batun azumi ma a tayar da shi a wannan zaman, tun watan bai kama ba. Gumin da zai keto wa Baba a lokacin buɗa baki yana iya zama na dabino da kunun tsamiya, yana iya kuma zama na sugan da ya faɗi tun la'asar, kuma a ido ba za a bambance ba. Soka yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin suga suka fitar ita ce a sha ruwa nan take idan suga ya gaza 70 ko ya haura 300 (a na'ura mai ɗaya lissafin kuwa, 3.9 da 16.6), ko da saura minti goma a kira salla. Idan kuma gwaji ya nuna ƙodar ta yi rauni sosai ko sugan na yawan faɗuwa, likita zai iya ba shi shawarar ya ajiye azumin gaba ɗaya, sai ku tuntuɓi malami a kan ciyarwa.